Kilo 83: Mako Tara da Sikelin Yayata Ya Ƙi Motsawa

Wata ranar Juma'a da hantsi yayata ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Ke, ni fa na haƙura. Jikin nan nawa ya ƙi." Mako tara ke nan tana hawa sikeli kowace safiya bayan sallar asuba, lambar tana nan a kilo 83. Yau ta ɗara da rabin kilo, gobe ta gaza da rabi, jibi ta koma inda take. Ga shi kuwa ba ta fasa komai ba. Tana rubuta abincinta a manhajar waya, tana fita tafiya sau biyar a mako, har ma ta ƙara matse cikinta fiye da farkon farawa.

Na nemi izininta in rubuta yadda muka bi lamarin, ta yarda bisa sharaɗin kada in ambaci sunanta. Abin da ya sa na damu da rubuta shi, na ga mata da dama sun yi ƙoƙari na watanni, da suka iso wannan gaɓar sai suka watsar da komai, ko kuma suka faɗa wa yunwa da magungunan da ba su san abin da ke ciki ba.

Shekararta 38, tsayinta santimita 162, tana koyarwa a wata makarantar sakandare a Kaduna, su bakwai ne ke ci daga tukunyar gidanta. Da kilo 94 ta fara. Ba kwalliya ce ta tura ta ba. An auna ta a asibiti aka ce jininta ya fara hawa, sukarinta yana bakin iyaka, gwiwoyinta kuma sun kai ga sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga sujada. Mahaifiyarmu ta daɗe tana fama da ciwon suga, kullum da allura, don haka Yaya ta san inda hanyar ta nufa.

Lissafin farko bai da aibu. Yawancin manhajojin nan suna amfani da wata ƙa'ida da Mifflin da St Jeor suka fitar a 1990, wadda ke haɗa nauyi da tsayi da shekaru ta ƙiyasta abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance yini guda. Ga mace mai awon Yaya, amsar tana kusa da kalori 1,600; kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In aka haɗa da tsayuwar aji da aikin gida da tafiyar da take yi, ya kai wajen 2,300 a rana. Ta tsayar wa kanta 1,700. Giɓin 600 ke nan kullum, kuma tunda kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, wata biyar ya isa a zubar da kilo goma sha ɗaya. Haka kuwa aka yi. Ta kwashi atamfofinta ta kai wa tela ya rage, a makaranta ana ta tambayarta, "Malama, lafiya kuwa? Kin zube." Surukarta har aike ta yi a tambayi ɗanta ko wani abu ne ke damun matarsa.

Daga nan sikeli ya tsaya cak.

Abin da ta yi shi ne abin da kusan kowa ke yi. Ta rage zuwa 1,500, shiru. Ta sake ragewa zuwa 1,200, ta daina karin kumallo, ta sayi wani shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp. Kwana biyu da fara shan sa sikeli ya nuna kilo ɗaya ya tafi, ta yi murna, ashe gudawa ce da yawan fitsari suka kwashe ruwan jikinta, kafin mako ya zagayo kilon ya dawo. A rana ta goma jiri ya ɗebe ta tana tsaye gaban allo, sai da ta zauna a kujerar wani ɗalibi. Da daddare kuma yunwar da ta danne tun safe sai ta taso mata gaba ɗaya, ta tsaya a kicin tana cin abin da yara suka rage. Washegarin wannan ne ta kira ni.

Na ce mata, "Yaya, kafin ki ƙara rage ko loma ɗaya, bari mu gano abin da ya tsaya tukuna." Na tattara kayana na je na yi mako biyu a gidanta.

Da farko sai da muka tabbatar tsayawar ta gaske ce, domin sikeli ba kitse kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ruwa da abincin da bai gama narkewa ba da komai da komai. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku, shi ya sa makon farko na rage abinci nauyi ke zubewa da sauri, shi ya sa kuma cin shinkafar biki sau ɗaya kan ɗora kilo a kan sikeli da safe. Gishiri da dunƙule suna riƙe ruwa. Kwanakin da ke gab da al'ada ma haka. Wanda ya fara sabon atisaye, tsokarsa kan ɗan kumbura da ruwa kafin ta saba. Duk wannan kan iya ɓoye ragin kitse na mako biyu ko uku. Amma mako tara ya haye al'ada biyu, tef ɗin awon tela kuma ya nuna ƙugunta yana nan a santimita 98 kamar yadda ta rubuta wata biyu baya. Tsayawar ta gaske ce.

Muka je asibiti. Likita ya duba jini da suga, ya tura ta gwajin tayirod, wato ƙullutun nan na gaban wuya wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo, domin in ya yi sanyin aiki yakan rage ƙonewar abinci a jiki. Ya tambaye ta ko tana shan magunguna irin su firednisolon ko deksametason, ko tana allurar tazarar haihuwa ta wata uku, saboda waɗannan kan sa wasu ƙara nauyi. Babu ko ɗaya. Sakamako ya fito lafiya lau, jinin ma ya sauka. Ta fito ranta a jagule, don ta so a ce wani ciwo ne da za a ba shi magani.

Saura lissafi. Na sayo ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, muka yi alkawarin duk abin da zai shiga bakinta na kwana goma sha huɗu sai ya hau kansa, ba tare da ta canza yadda take ci ba.

Ba zan manta ranar farko ba. Ta ɗora tukunyar miyar dage-dage, ta ɗauko galan ɗin man gyaɗa ta tsiyaya ludayi ɗaya, ta duba, ta ƙara na biyu. Na riƙe hannunta na ce, "Tsaya Yaya, juye min nan." Muka juye a kofin awo, mililita 240. Mai, ko na gyaɗa ko manja, kowane giram kalori tara ne, ninki biyu da ɗoriya na shinkafa ɗanya. Cokalin cin abinci ɗaya kusan 120. Abin da ke cikin kofin nan ya doshi kalori 2,000, tun ba a sa nama ba, ba a sa tumatir ba. Miyar za ta yi abincin rana da na dare na mutum bakwai, wato rabo goma sha huɗu, kowane rabo da kalori 140 na zallar mai. Ta tsaya tana kallon kofin ta ce, "Haka Hajiya ta koya mana. Miyar da mai bai taso a kanta ba ai ba miya ba ce." Gaskiyarta, haka aka koya mana. Sai dai abin da take zaɓa a manhaja duk lokacin da ta ci wannan miyar, miyar tumatir ce irin ta Turawa, mai ruwa-ruwa, wadda kusan babu mai a cikinta.

Wannan matsala ce da ban ga ana yawan faɗa ba. Manhajojin ƙirga kalori an gina su ne a kan abincin da ke zuwa cikin leda da kwali, da lamba a bayansa, da kuma faranti ɗaya na mutum ɗaya. Mu kuwa tukunya ɗaya ake yi, a zuba da mara. Ka nemi tuwon masara ko miyar kuka ko dambu a ciki, in ma ka samu, wani ne can ya shigar da ƙiyasinsa, babu mai tantancewa, za ka ga lamba uku mabambanta a kan abinci ɗaya, kuma ɗan'adam ƙaramar zai zaɓa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, akwai gero da dawa da wake da gyaɗa a ciki. Da shi muka yi aiki. Mukan auna kayan haɗi ɗanye, mu auna tukunya bayan ta nuna, sannan mu auna rabonta.

Shinkafa ta biyo baya. A manhaja "kofi ɗaya" take rubutawa, kalori 200. Abin da ke farantinta giram 290 ne, dafaffiyar shinkafa kuwa kusan 130 ce a kowane giram ɗari, ya kama 380. Ta rantse min a farkon farawa ba haka take zubawa ba, kuma na yarda da ita. A watan farko tana auna kofin sosai. Da hannu ya saba sai ta ajiye shi ta koma ƙiyasi da ido, malmalar tuwo da tudun shinkafa suka riƙa girma kaɗan-kaɗan ba ta lura ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwar hatsi haka ne. A farantin mai jin yunwa, ido yakan bi son ciki.

Sai ƙananan abubuwan da ba sa shiga rubutu kwata-kwata. Soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu a ofishin malamai, giram talatin, kalori 170. Ɗanɗanon miya da yankan nama ɗaya a bakin murhu. Ƙosai biyu da auta ta bari. Da na haɗa jimillar kwana goma sha huɗu na raba, duk da 1,200 da ta yi niyya, manhaja tana cewa 1,500, sikelin kicin yana cewa tsakanin 2,000 da 2,100.

Da na nuna mata takardar, idonta ya ciko. Ta ce, "Wato duk wata biyun nan ƙarya nake yi wa kaina?" Na ce mata a'a, na ba ta labarin wani bincike da Steven Lichtman da abokan aikinsa suka yi a birnin New York, aka buga a 1992. Sun tara mutum goma da suka ce suna cin ƙasa da kalori 1,200 a rana amma nauyinsu ya ƙi sauka. Aka auna su da kayan aiki na mako biyu. Ƙonewar abinci a jikinsu daidai take da ta kowa. Abin da suke ci kuwa, sun rage shi a rubutu da kashi 47 cikin ɗari, motsin da suke yi sun ƙara shi da kashi 51. Mutanen nan sun san ana sa musu ido, kuma su da kansu suka zo neman taimako. Kuskuren ƙiyasi ne irin wanda kowa ke yi, kuma yana ƙaruwa ne daidai lokacin da mutum ya gaji.

Akwai kuma agogon hannunta. Duk ta dawo daga tafiyar kilomita huɗu sai ya nuna ta ƙona kalori 400 da wani abu. A kan haka take shan fura da nono da sukari kwana huɗu a mako ba ta rubutawa, a ganinta an yi canjaras. Ƙiyasin da masana motsa jiki ke amfani da shi, tafiyar ƙasa tana cin kusan rabin kalori a kowane kilo na nauyi a kowace kilomita, bayan abin da jiki zai ƙona ko yana zaune. Ga mai kilo 83, kilomita huɗu ba ta kai 170 ba. Kwanon furar mun ƙiyasta shi a wajen 300. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan agogunan guda bakwai a kan mutum sittin. Bugun zuciya sun kama shi da kyau, amma a kalori wanda ya fi kowanne daidai ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Ƙari a kan haka, lissafin farko na 2,300 ya riga ya haɗa da tafiyar, sai ga shi ana sake cin ladanta karo na biyu.

Ban so ta fahimci cewa tafiyar banza ce ba, don ita ta taimaka wajen saukar da jinin, ita ke gyara sukarin. Amma jiki yana da dabarar rama abin da aka ƙona. Wani mai bincike, Herman Pontzer, ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya a daji, ya buga sakamakon a 2012: in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. A gidan Yaya na ga ƙaramin misalin haka da idona. Ranar da ta yi tafiya, in ta dawo daga makaranta kan tabarma take zubewa, ruwan sha ma sai ta aiki yaro. Da can ita ke shara da shanya, tana kai da kawo har isha'i.

To, ba duka laifin awo ba ne. Jikin da ke hawa sikeli yanzu ba shi ne na wata bakwai baya ba. A ƙa'idar Mifflin kowane kilo da ya tafi yana tafiya da kalori goma na ƙonewar kwance, kilo goma sha ɗaya sun kwashe 110. Ɗaukar jiki mai sauƙi zuwa aji da kasuwa ma ya fi araha. In aka haɗa da raguwar kai da kawo, abin da take ƙonawa ya sauko daga 2,300 zuwa wajen 2,050. Ga kuma yunwa. Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2016 cewa kowane kilo da mutum ya zubar yana ƙara masa sha'awar cin kusan kalori ɗari a rana. Ƙonewa tana saukowa, ci yana hawa a ɓoye, ranar da suka haɗu a tsakiya sikeli ya tsaya. Ita a kilo 83 suka haɗu.

Ta taɓa ganin wani bidiyo da ke cewa rage abinci yana lalata injin jiki har abada, kuma abin ya zauna mata a rai. Tushen maganar akwai shi. Hall ɗin nan dai ya bi mutum goma sha huɗu da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, bayan shekara shida ya tarar jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata. Amma waɗannan sun zubar da wajen kilo 58 ne kowannensu cikin mako talatin, da horo mai tsanani. Ko a gwajin yunwa na Minnesota a Amurka da masani Ancel Keys ya jagoranta a 1944 zuwa 1945, maza 36 da aka rage wa abinci na mako 24 jikinsu ya yi sanyin ƙonewa ƙwarai, duk da haka sai da suka rasa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu. Jiki yana ja da baya, ba ya rufe ƙofa. Darasin da na ɗauka daga duka biyun shi ne, matsi mai tsanani irin 1,200 da ta gwada shi ya fi tayar da wannan turjiyar.

Barcinta ma na duba. Sha ɗaya da rabi take kwanciya bayan duba takardun ɗalibai, huɗu da rabi ta tashi. A wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Chicago a 2010, mutum goma sun ci abinci iri ɗaya, wani zubin suna samun awa takwas da rabi a gado, wani zubin biyar da rabi. Nauyin da ya ragu kusan ɗaya ne, amma kitsen da ya tafi kilo 1.4 ne a zubin isasshen barci, 0.6 a na ƙarancinsa.

Abin da muka canza bai da yawa, kuma a takarda ma ƙarin abinci ne, domin daga 1,500 na manhaja muka koma 1,700, amma na gaskiya, aunanne. Man miya ya koma mililita 120, da kofi ake zuba shi. Mai gidan ya yi ƙorafi kwana biyu, daga baya bai ƙara tada maganar ba. Shinkafa da tuwo suna hawa sikeli kafin su hau faranti, gurbin da suka bari zogale da rama da kabeji suka cike shi. Karin kumallo ya dawo, da ƙwai biyu ko alale ko awara, saboda abinci mai gina jiki ya fi riƙe ciki kuma yana kare tsoka. Fura ba mu hana ba, sau biyu a mako, babu sukari, kuma a rubuce. Agogo ya koma ƙirga taku kawai. Ta ƙara atisayen ƙarfi sau biyu a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, tsugunno da miƙewa daga kujera, da ɗaga galan biyu na ruwa a tsakar gida. Duba takardu ya koma lokacin hutu a makaranta, goma ta kwanta. Sikeli tana hawa kullum, amma jimillar mako ake rabawa bakwai a kwatanta da ta makon jiya. Shayin nan kuwa ni da hannuna na zubar. Na kuma gargaɗe ta kada ta miƙa wa ƙawayenta wannan lissafin yadda yake, musamman mai ciki ko mai shayarwa ko mai allurar suga irin Hajiya, waɗannan sai da likita.

Mako biyun farko babu abin da ya motsa, ta kira ni sau uku. A mako na uku lambar ta sauko da kilo ɗaya a kwana biyu. Bayan mako takwas tana kilo 80.5, ƙugu santimita 94. Kilo biyu da rabi a wata biyu kaɗan ya ɗara rabin gudun farko, kuma na faɗa mata wancan gudun ba zai dawo ba. Na tuna mata cewa a babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, abin da aka nema daga mutane shi ne rage kashi bakwai cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma hakan ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58. Ita tun tana kilo 83, ranar da ta kira ni tana cewa ta haƙura, ta riga ta zubar da kusan kashi goma sha biyu.

Makon jiya ta sake kira. Sikeli ya yi kwana goma sha shida a kan 80. Na tambaye ta ko in zo, ta ce, "A'a ƙanwata, yi zamanki. Bikin 'yar maƙwabta muka sha, kuma na lura kofin mai ya kwana biyu a cikin kwando ban taɓa shi ba. Na sauko da sikelin kicin ɗin, zan yi mako biyu in gani." Ta ce in gaida Hajiya, in gaya mata jiya ta yi sallar isha'i har da shafa'i da wutiri ba ta dafa bango ba.